Ganuwa A Cikin Ido: Tarihin Walƙiyar Ciwon Ɓarin Kai

Akwai wani irin ciwon kai da yakan aiko da ɗan aike kafin ya iso. Mutum yana zaune lafiya ƙalau, sai ya ga wani ɗan tabo yana ƙyalƙyali a tsakiyar abin da yake kallo. Kafin a jima tabon ya buɗe ya zama kamar lauje, bakinsa kamar haƙoran zarto, yana tafiya sannu a hankali zuwa gefe. Bayan minti 20 ko 30 ya ɓace, sau da yawa kuma ciwon kai ya biyo baya a ɓari guda. Wajen kashi ɗaya cikin uku na masu ciwon ɓarin kai suna ganin irin wannan alama, wasu ma walƙiyar kaɗai suke gani ba tare da ciwo ba.

Shi ciwon kansa daɗaɗɗe ne. A ƙarni na 2 na Miladiyya likitan nan Jalinusu ya raɗa masa suna da Yunananci mai ma'anar rabin ƙoƙon kai, Larabawa kuma suka kira shi shaƙiƙa, har Ibn Sina ya yi bayaninsa a littafinsa na Ƙanun. Amma tambayar da ta daɗe tana gagarar masana ita ce, daga ina hasken yake fitowa? Ga shi kuwa babu mai ganinsa sai mai ciwon.

Saboda haka marasa lafiya ne da kansu suka buɗe hanya. A shekarar 1870 wani likita ɗan Ingila, Hubert Airy, wanda shi da mahaifinsa duk suna fama da abin, ya zana walƙiyar mataki-mataki da launukanta, aka buga zanen. Ya kamanta ta da ganuwar birni mai kusurwoyi, ya ba ta suna mai ma'anar ganin ganuwa. Ya kuma lura cewa surar iri ɗaya ce a idanu biyu, don haka ya ce tushenta yana cikin ƙwaƙwalwa.

To, me ke faruwa a ƙwaƙwalwar? Nan aka rabu gida biyu. Edward Liveing, a littafinsa na 1873, ya ce wata guguwa ce ke tasowa a jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Wasu kuwa suka ce hanyoyin jini ne ke tsukewa, sannan su buɗe su kawo ciwo. Wannan ra'ayi na biyu shi ya yi rinjaye shekaru da dama, musamman bayan binciken Harold Wolff a Amurka a 1938.

A 1941 Karl Lashley, wani masani ɗan Amurka, ya riƙa zana tasa walƙiyar yana duba agogo, ya lissafa cewa abin yana ratsa sashen gani da ke ƙeya da saurin kusan milimita 3 a minti. Shekara uku bayan haka, Aristides Leão, ɗan ƙasar Barazil da ke bincike a Jami'ar Harvard, ya gano a ƙwaƙwalwar zomo wata igiya da ke yaɗuwa kamar wutar daji, ƙwayoyin jijiya su motsa gaba ɗaya, sannan su yi tsit na ɗan lokaci. Sai a 1958 Peter Milner a Kanada ya nuna cewa saurin nan biyu sun yi daidai. A 1981 Jes Olesen da abokan aikinsa a Danmak suka auna gudun jini a ƙwaƙwalwar marasa lafiya, suka ga raguwarsa tana yaɗuwa daga ƙeya zuwa gaba, ba ta bin iyakar kowace hanyar jini. A 2001 aka ɗauki hoton igiyar a ƙwaƙwalwar ɗan Adam. Ashe Liveing ne ya fi kusa da gaskiya.

Duk da haka, har yau babu gwajin jini ko hoto da ke tabbatar da ciwon. Likita yana dogara ne da labarin mai shi, bisa ƙa'idojin da likitocin ciwon kai na duniya suka fara tsarawa a 1988. Walƙiyar takan girma sannu a hankali, ta ɗauki minti 5 zuwa 60, ta gushe sarai. Gado yana da hannu a ciki, rashin barci da yunwa da damuwa da lokacin al'adar mata kuma suna iya tayar da ita.

Don haka wanda abin ya samu, ya duba agogo, ya rufe ido ɗaya sannan ɗayan, ya zana abin da ya gani ya kai wa likita. In kuwa duhu ne ya rufe ido guda farat ɗaya, ko alamar ta wuce awa guda, ko ta zo da sanyin hannu da nauyin baki, ko ta fara bayan shekara 50, to a garzaya asibiti, domin shanyewar ɓarin jiki da ɓallewar tantanin ido sukan fara da kama da haka. Mace mai ganin walƙiyar kuma ta gaya wa likita kafin ta fara shan ƙwayar tazarar haihuwa. Alƙalami da takardar da Airy ya yi aiki da su, har gobe suna cikin kayan aikin gane wannan ciwo.