Tarihin Waƙoƙin Tuna Baya da Dattawan Japan Ke Rerawa a Karaoke

Da yawa daga cikin waƙoƙin da dattawan Japan ke rerawa a ɗakunan karaoke a yau sun girmi na'urar kanta nesa ba kusa ba. Asalinsu yana komawa ga ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da manyan biranen ƙasar suka zama kufai, abinci ya yi ƙaranci, gidaje da yawa kuma suna zaman makoki.

A watan Oktoba na 1945, wata biyu da ajiye makamai, aka fitar da fim mai suna Soyokaze. A cikinsa ne Namiki Michiko ta rera Ringo no Uta, waƙa mai sauƙi a kan tuffa. Ita kanta mawaƙiyar ta rasa mahaifiyarta a ruwan bama-baman da aka yi wa Tokyo a watan Maris na wannan shekara, amma ta rera waƙar cikin murya mai fara'a, jama'a kuwa suka karɓe ta hannu bibbiyu. Ita ake ƙirgawa a matsayin waƙar farko da ta yi tashe bayan yaƙi.

A Janairun 1946 gidan rediyon NHK ya fara shirin Nodo Jiman, gasar waƙa ta talakawa, inda manomi da leburan masana'anta da matar aure kan tsaya gaban makirufo, alƙalai su yanke hukunci da kaɗa ƙararrawa. A 1951 kuma aka soma gasar Kohaku tsakanin mawaƙa mata da maza, wadda tun 1953 ta zama abin kallon iyali a daren ƙarshen shekara. Ta waɗannan hanyoyi biyu ƙasa gaba ɗaya ta haddace waƙoƙi iri ɗaya, mutum kuma ya saba da rera waƙa gaban jama'a ba tare da shi mawaƙi ba ne. Tauraruwar wannan zamani ita ce Misora Hibari, 'yar wani mai sayar da kifi a Yokohama, wadda aka haifa a 1937, ta kuma yi suna tana da shekara 12.

Daga nan sai zamanin haɓakar masana'antu ya zo. A shekarun 1950 da 1960 jiragen ƙasa na musamman kan kwaso yara 'yan shekara 15 da suka gama makaranta daga ƙauyukan arewa, su sauke su a tashar Ueno ta Tokyo domin aikin masana'anta da shaguna. Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi, wannan kewa kuwa ita ce ta cika waƙoƙin lokacin. A 1964 Izawa Hachiro ya yi wa tashar Ueno waƙa da bakin waɗannan yara. Salon da ake kira enka ya kafu a kan rabuwa, da begen mahaifiya, da tashar jiragen ruwa, da sanyin arewa. A 1977 Ishikawa Sayuri ta fitar da Tsugaru Kaikyo Fuyugeshiki, labarin mace da ta hau jirgin dare daga Ueno zuwa Aomori, ta shiga jirgin fito zuwa Hokkaido. Wannan jirgin fito na hukumar jiragen ƙasa ya daina aiki a 1988 da aka buɗe hanyar ƙarƙashin teku, amma waƙar tana nan a bakin mutane. Waƙar Sakamoto Kyu ta 1961 kuwa ta ƙetare teku, ta hau saman jadawalin Billboard na Amurka a 1963 da sunan Sukiyaki. Shi Sakamoto ya rasu a haɗarin jirgin sama na 12 ga Agusta 1985, wanda ya ci rayuka 520.

Na'urar karaoke ta zo ne ta tarar da da yawan waƙoƙin a ƙasa. Negishi Shigeichi ya haɗa irinta a Tokyo a 1967. A 1971 Inoue Daisuke, makaɗin da ke yi wa masu zuwa mashaya kiɗa a birnin Kobe, ya ƙera tasa mai aiki da kaset, wadda ake jefa wa kwabon yen 100, bai kuma yi rajistar mallakarta ba. Masu fara amfani da ita ma'aikatan kamfanoni ne da ke tsayawa ƙananan mashaya bayan tashi daga aiki. A 1982 kamfanin Pioneer ya kawo faifan da ke nuna baitoci a talabijin. A tsakiyar shekarun 1980 aka mayar da kwantenoni ɗakunan waƙa a Okayama, abin da ya buɗe ƙofa ga mata da matasa. Daga 1992 kuma aka riƙa aiko da waƙoƙi ta layin tarho.

Shekarar 1989 ce ta rufe babin. Sarki Hirohito ya rasu ranar 7 ga Janairu, zamanin mulkinsa da ake kira Showa ya ƙare. A cikin watan ne Hibari ta fitar da waƙarta ta ƙarshe, Kawa no Nagare no Yo ni, ta kuma rasu ranar 24 ga Yuni tana da shekara 52. Ita ce mace ta farko da gwamnati ta ba lambar girma ta al'ummar ƙasa.

A yau kusan kashi 29 cikin ɗari na Japanawa sun kai shekara 65 ko fiye. Da rana suke taruwa a shagunan shayi masu karaoke, da zaurukan unguwa, da gidajen kula da tsofaffi, kowa ya jira layinsa, saura su tafa masa. Waƙoƙin sun dace da su: kiɗan ba ya gudu, kalmomin a fili suke, labarin kuma nasu ne. Faifai ya adana muryoyin mawaƙan, amma abin da ya raya waƙoƙin har yau shi ne mutanen da aka yi su dominsu ba su daina rera su da bakinsu ba.