Manyan madatsun ruwan Kodebuwa da kogunan da aka datse

Ƙasar Kodebuwa na samun wani ɓangare na wutar lantarkinta daga madatsun ruwa, waɗanda mutanen nan suka fi sani da baraj. An gina su a kan koguna huɗu: Bia, Bandama, Sassandra da ƙaramin kogin San-Pédro. Babu ko ɗaya a cikin Abidjan. Hedkwatar kamfanin wuta na CIE ce kawai ke Treichville, a kan titin Christiani. Amma tsakanin kwata zuwa sulusin wutar da ƙasar ke samarwa a shekara daga waɗannan madatsun take fitowa, gwargwadon yadda damina ta kasance. Yawancin saura kuwa daga tashoshin iskar gas ne da ke Abidjan da kewayenta. Telan Adjamé da mai sayar da ƙanƙara a kasuwar Treichville suna aiki ne da wutar da ta haɗa biyun, shi ya sa ƙarancin ruwan sama a Korhogo ko Odienné kan iya taɓa sana'arsu bayan 'yan watanni.

Kogunan

Manyan kogunan ƙasar huɗu ne, kuma duk daga arewa suke gangarowa su faɗa tekun Atilantika. Daga yamma akwai Cavally, wanda ya taso daga Gini ya kuma zama iyaka da Laberiya. Sai Sassandra, mai tsawon kusan kilomita 650, wanda ke shiga teku a garin da ke da sunansa. A tsakiya akwai Bandama, mai tsawon kimanin kilomita 1,050, kuma shi kaɗai ne cikin huɗun da mafarinsa da ƙarshensa da duk rassansa ke cikin ƙasar. Yana da manyan rassa biyu, Marahoué da N'Zi, yana kuma ƙarewa a Grand-Lahou. A gabas akwai Comoé, wanda ya taso daga yankin Banfora a Burkina Faso.

Comoé ya fi sauran tsawo, amma har yanzu babu babbar madatsar lantarki a kansa cikin Kodebuwa. Shi ne kuma kogin da mazauna Treichville suka fi kusa da shi ko da ba su sani ba. Asalin bakinsa yana Grand-Bassam, sai dai tun da aka haƙa mashigin Vridi a farkon shekarun 1950 don jiragen ruwa su shigo tashar Abidjan, yawancin ruwansa ya koma bin tafkin Ébrié ya fita ta can. Ciyawar nan da kan rufe saman tafkin a ƙarƙashin gadojin Houphouët-Boigny da De Gaulle bayan damina, galibi ambaliyar kogin ce ke turo ta.

Kogin Bia bai kai waɗannan girma ba. Daga Gana ya taso, ya ratsa kudu maso gabashin ƙasar ya faɗa tafkin Aby.

Abin da ya kamata a riƙe game da kogunan shi ne bambancin damina. Kudu na samun damina biyu a shekara, arewa guda ɗaya. Bandama da Sassandra daga arewa suke ɗebo yawancin ruwansu, don haka sukan cika wajen watan Satumba da Oktoba, su kuma janye ƙwarai daga Janairu zuwa Afrilu. Wannan lokaci na janyewa shi ne kuma lokacin zafi a Abidjan, lokacin da kowa ke kunna fanka da na'urar sanyaya ɗaki. Aikin manyan tafkunan madatsu shi ne su tara ruwan damina su riƙa sakinsa a hankali har rani ya wuce.

Ayamé, na farko

Madatsa ta farko ita ce Ayamé 1 a kan Bia, arewa da Aboisso. Ta fara aiki a 1959, shekara guda kafin samun 'yanci, da ƙarfin megawat 20. A 1965 aka ƙara Ayamé 2 a ƙasa da ita kaɗan, mai megawat 30. An zaɓi Bia ne saboda kusancinsa da Abidjan, wadda a lokacin ita ce kusan kaɗai mai buƙatar wuta da yawa. A ma'aunin yau ƙanana ne, amma har yanzu suna aiki. Matsalar Bia a 'yan shekarun nan ita ce laka da dattin da haƙar zinari ba bisa ƙa'ida ba ke zubawa cikinsa tun daga ɓangaren Gana.

Kossou da abin da ta ci

Madatsar da ta fi kowace tarihi ita ce Kossou, a kan Bandama, kimanin kilomita 40 arewa maso yamma da Yamoussoukro. An fara aikinta a 1969, ta fara ba da wuta a 1972, da injuna uku masu ƙarfin megawat 174 gaba ɗaya. Zamanin manyan madatsu ne a Afirka ta Yamma. Gana ta gama Akosombo a kan Volta a 1965, Najeriya ta gama Kainji a kan Kwara a 1968. Shugaba Félix Houphouët-Boigny, wanda kuɗin koko da gahawa ke shigo masa, ya so tasa madatsar ta zama abin da zai raya tsakiyar ƙasar, wato yankin ƙabilarsa ta Baoulé. Aka kafa hukuma ta musamman, AVB, don ta kula da raya kwarin Bandama da sake tsugunar da jama'a.

Kimanin mutum 75,000 ne aka tayar daga ƙauyukansu, kusan dukkansu Baoulé manoma. An gina musu sababbin ƙauyuka, inda aka haɗa tsofaffin ƙauyuka biyu ko uku wuri guda, a kan ƙasar wasu. Wasu kuma aka kai su can dajin kudu maso yamma, wajen San-Pédro, inda gwamnati ke buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa. Wanda ya san labarin tsohuwar Bussa da tsibiran Yawuri da ruwan Kainji ya cinye zai gane irin abin da ya faru: gidan bulo da kwano ya samu, amma fadamar kakanni da makabarta sun tafi, kuma rigimar fili tsakanin waɗanda aka kawo da masu masaukinsu ta daɗe ba ta mutu ba.

Abin takaicin shi ne tafkin bai ba da abin da aka sa rai ba. An auna girmansa ne da ruwan saman shekarun 1950 da 1960, waɗanda suka kasance shekarun wadata. Sai ga shi an rufe ƙofofin madatsar daidai lokacin da farin nan na farkon shekarun 1970 ya afka wa yankin Sahel, wanda dattawan Maraɗi da Damagaram ba su manta da shi ba. Shekaru da dama tafkin bai kai matakin da aka tsara masa ba, kuma Kossou ta riƙa samar da wuta ƙasa da ƙarfinta. Duk da haka shi ne tafki mafi girma a ƙasar, kuma ruwan da yake sakewa ne ke juya injunan madatsar da ke ƙasa da shi.

Wannan madatsa ita ce Taabo, tsakanin Yamoussoukro da Tiassalé, wadda ta fara aiki a 1979 da megawat 210. Tafkinta ƙarami ne idan aka gwada da na Kossou, amma ta fi ta ƙarfi. Ruwa ɗaya ne ake cin moriyarsa sau biyu. A ƙasa da Taabo kuma akwai Singrobo-Ahouaty mai megawat 44, wadda ta bambanta da sauran da cewa kamfani mai zaman kansa ne ya gina ta.

A 1980 aka buɗe Buyo a kan Sassandra, inda kogin N'Zo ke haɗuwa da shi, kusa da gandun dajin Taï. Ƙarfinta megawat 165. Sai ƙaramar madatsar Fayé a kan kogin San-Pédro a 1983, mai megawat 5 kacal. Waɗannan shida sun haɗa megawat 604, kuma a nan lissafin ya tsaya har shekara 34.

Darasin 1983

Dalilin tsayawar shi ne farin 1983. A lokacin kusan dukkan wutar ƙasar daga ruwa take fitowa. Damina ta gaza, tafkuna suka ja baya, kuma daga ƙarshen 1983 zuwa farkon 1984 Abidjan, wadda ake yi wa kirari da birnin fitilu, ta shiga ɗauke wuta na sa'o'i masu yawa kowace rana. Masana'antu suka rage aiki. Gwamnati ta yi gaggawar sayo injunan samar da wuta ta girka a Vridi a 1984. Bashi ya yi wa kamfanin gwamnati na EECI katutu, har a 1990 aka miƙa harkar rarraba wuta da karɓar kuɗinta ga CIE, kamfani mai zaman kansa.

Daga nan ƙasar ta juya ga iskar gas da aka gano a cikin teku daura da Jacqueville. Tashar CIPREL ta Vridi ta fara aiki a tsakiyar shekarun 1990, Azito ta Yopougon a 1999. Su ne suka mayar da Kodebuwa mai sayar da wuta ga maƙwabta: Gana, Togo, Benin, Burkina Faso, Mali, daga baya kuma Laberiya, Saliyo da Gini ta layin da ya tashi daga Man. Nijar ba ta cikin waɗannan. Tata wutar ta waje daga Najeriya take zuwa, ta layin Birnin Kebbi, kuma kowa ya ga abin da ya biyo baya da aka yanke ta a watan Agustan 2023.

Sai dai gas bai raba ƙasar da damina ba. A 2021 ƙarancin ruwa a tafkuna ya haɗu da lalacewar inji a Azito, aka koma rabon wuta unguwa-unguwa a Abidjan na tsawon watanni, aka kuma rage wadda ake sayar wa maƙwabta. Mali da Burkina Faso sun ji a jikinsu. A kasuwannin Adjamé kuwa masu walda, masu injin niƙa da masu gyaran waya ne suka fi shan wahala, domin ba kowa ne ke da halin janareta ba.

Komawa kan Sassandra

Wutar ruwa ta fi ta gas araha da zarar an gama biyan kuɗin gini, kuma wannan ne ya sa gwamnatin Alassane Ouattara ta farfaɗo da tsohon shirin Soubré, wanda aka zana tun shekarun baya aka ajiye saboda rashin kuɗi. An fara aiki a 2013 kusa da gangaren ruwan Nawa. Kamfanin Sinohydro na ƙasar Sin ne ya gina, bankin Eximbank na Sin kuma ya ba da rancen kashi 85 cikin ɗari na kuɗin, wanda ya haura sefa biliyan 300. An ƙaddamar da ita a watan Nuwamban 2017. Da megawat 275, ita ce mafi ƙarfi a ƙasar, kuma ta ɗaga jimillar wutar ruwa zuwa megawat 879. Don kwatance, an gina Kainji ita kaɗai da ƙarfin megawat 760.

Soubré ba ta da babban tafki. Ta dogara ne da ruwan da Buyo ke sakar mata daga sama, kamar yadda Taabo ta dogara da Kossou. Wannan ya rage yawan ƙasar da ruwa ya ci da yawan mutanen da aka tayar, amma yana nufin idan Buyo ta ja baya, Soubré ma sai ta rage aiki. A ƙasa da ita Sinohydro ya sake gina Gribo-Popoli mai megawat 112. Hukumar CI-Énergies, wadda ke riƙe da kadarorin lantarki a madadin gwamnati, tana da shirin ƙara wasu biyu a kan wannan kogi, Boutoubré da Louga.

Kifi, ruwan sha da cuta

Tafkunan sun kawo sana'ar da ba a saba da ita ba a yankunan. Baoulé da Agni manoma ne, ba masunta ba, don haka masuntan Bozo daga Mali ne suka fi cin moriyar kifin Kossou, Buyo da Ayamé, musamman karfasa, wadda ake kyafawa a kai kasuwannin birane. Wannan ya jawo ƙyashi. A 1998 rikici ya ɓarke a Ayamé aka kori masuntan Mali daga tafkin, kuma an ga irin haka a Kossou 'yan shekaru bayan nan, a lokacin da maganar wane ne ɗan ƙasa da wane ne baƙo ta mamaye siyasa. Labari ne da duk wanda ke neman abinci a ƙasar da ba tasa ba ya kamata ya sani.

Ruwan da ya tsaya cik kuma yana tara dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya. Binciken likitoci ya nuna cutar ta ƙaru sosai a tsakanin yaran ƙauyukan da ke bakin Kossou da Taabo bayan gina madatsun. A bakin teku kuma, masana na lissafa raguwar ƙarfin Bandama cikin dalilan da suka sa teku ke cinye tsohon garin Grand-Lahou.

Ruwan famfon Abidjan ba daga waɗannan tafkuna yake zuwa ba. Kamfanin SODECI na jawo yawancinsa daga ƙarƙashin ƙasa, a kewayen birnin da kuma Bonoua, an kuma ƙara matatar da ke ɗibar ruwa daga kogin Mé. Lamarin Bouaké daban ne. A 2018 ƙaramar madatsar Loka da ke shayar da birnin ta kusa ƙafewa, mutane suka yi makonni suna bin tankokin ruwa da rijiyoyi. Mafitar da aka samu ita ce shimfiɗa bututu daga tafkin Kossou zuwa birnin, kuma tun daga nan ruwan Bandama ya shiga cikin abin da mutanen Bouaké ke sha.