Murɗewar maɗaciya: Cutar da ba ta jiran gobe

Murɗewar maɗaciya na daga cikin cututtukan ciki da ba kasafai likitoci ke cin karo da su ba, amma idan ta auku, tiyatar gaggawa ce kaɗai mafita.

Wani likita mai suna Wendel ne ya fara bayyana ta a rubuce a shekarar 1898.

Maɗaciya, wadda wasu ke kira matsarmama, 'yar jaka ce da ke manne a ƙarƙashin hanta, tana ajiye ruwan ɗacin da ke taimakawa wajen narkar da abinci mai maiƙo.

A jikin wasu mutane, jakar ba ta manne sosai ba, tana reto ne kawai. Irin wannan ce kan juya ta murɗe, ta shaƙe bututun da ruwan ɗacin ke bi da kuma jijiyar da ke kai mata jini.

Idan juyawar ta wuce digiri 180, jini kan yanke, jakar ta fara ruɓewa. In aka yi jinkiri tana iya fashewa, guba ta bazu a cikin ciki, lamarin da kan kai ga rasa rai.

Cutar ta fi kama tsofaffi 'yan sama da shekaru 60, musamman mata.

Likitoci na danganta hakan da raguwar kitsen ciki da tsukewar hanta saboda tsufa. Ramammun tsofaffi da masu ƙusumbi sun fi shiga haɗari.

Alamominta sun haɗa da ciwo mai tsanani da kan taso farat ɗaya a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, da amai, wani lokacin da ƙullutun da ake ji idan an taɓa wurin. Sau da dama ba a ganin zazzaɓi ko shawara da farko.

Babbar matsalar ita ce cutar na kama da kumburin maɗaciya da aka saba gani, wanda akan fara yi wa magani da ƙwayoyi. Ko da hoton ciki na na'urar CT, galibi sai an shiga tiyata ake gano ta.

A tiyatar, akan warware murɗin sannan a cire jakar baki ɗaya, yawanci ta ƙananan huji da taimakon kyamara.

Mutum na iya rayuwa ba tare da maɗaciya ba, kuma akasarin waɗanda aka yi wa aiki da wuri kan warke.