Karan gona: Garkuwar ƙasa daga zaizaya

A unguwannin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni na birnin Kano, harawa haja ce mai tsada, musamman gab da Babbar Sallah, lokacin da masu kiwon raguna ke rububinta. Sai dai duk damin da ya shigo birni, ya baro wata gona ce a tsirara.

A Taraunin ne kuma, kan titin Sabo Bakin Zuwo, cibiyoyin binciken aikin gona na ƙasa da ƙasa, IITA da ICRISAT, ke da ofisoshinsu. Dukansu biyu sun daɗe suna nazarin amfanin barin kara da karmami a gona bayan girbi.

Yadda yake aiki

Ruwan farkon damina kan sauko da ƙarfi ne a kan busasshiyar ƙasa. Ɗigonsa na farfasa ƙasar, ya toshe ƙofofinta, sai ruwan ya malale da dausayin da ke sama maimakon ya nutse.

Idan aka shimfiɗa kara, shi ne zai tare dukan ruwan, ya kuma rage masa gudu. Gara da ke cin karan kan haƙa ramuka, ta nan ne ruwa ke ratsawa ƙasa. Inuwar karan kuma na sa danshi ya daɗe.

Abin da bincike ya nuna

A shekarun 1970, masanin ƙasa Rattan Lal ya nuna a hedkwatar IITA da ke Ibadan cewa lulluɓe gona da tan 4 zuwa 6 na ragowar amfani a kowace hekta na rage zaizaya da malalar ruwa ƙwarai. Ya samu lambar yabo ta abinci ta duniya a 2020.

A Sadore da ke kusa da Yamai a jamhuriyar Nijar kuwa, gwajin da aka yi a cibiyar ICRISAT a shekarun 1990 ya nuna cewa tan 2 na karan gero a hekta na rage yashin da iska ke kwasa, wanda kan binne shuka tun tana ƙarama.

Inda gizo ke saƙa

Matsalar ita ce kara ba shara ba ne ga talaka. Da shi ake ciyar da dabbobi da rani, a yi darni, a hura wuta. Wanda ya saura kuma, wasu na ƙone shi lokacin sharar gona.

Don haka ne masu bincike na IITA a Kano suka samar da irin waken da ke ba da ƙwaya da harawa mai yawa a lokaci guda. Idan dabba ta ƙoshi da harawa, manomi zai iya barin wani kaso na karan dawa da na gero ya kare masa gonarsa.