Aljanu a wasannin intanet: Asalinsu da yadda ake farautarsu

Duk wanda ya tashi a garuruwan kudancin Katsina irin su Ketare, Ƙanƙara ko Faskari ya san gargaɗin da manya kan yi wa yara, cewa kada a zauna a gindin tsamiya da tsakar rana, kuma kada a watsa ruwan zafi a ƙasa ba tare da bisimilla ba. Dalili shi ne mutanen ɓoye.

Su waɗannan mutanen ɓoye, wato aljanu, sun daɗe da shiga wasannin kwamfuta na intanet, inda dubban mutane daga ƙasashe daban-daban kan haɗu a wata duniyar ƙirƙira, kowa da jarumin da yake sarrafawa. Sai dai aljanin wasa, ko da ya ari sunansa daga Larabci, ba shi ne wanda Musulmi ya yi imani da shi ba.

Hanyar da suka biyo

Alƙur'ani ya bayyana cewa daga wuta aka halicci aljanu, kuma a Suratun Namli an ambaci ifiritun da ya yi wa Annabi Sulaimanu tayin ɗauko gadon sarautar sarauniyar Saba'i.

Amma ba daga nan masu ƙirƙirar wasanni suka ɗauko nasu ba. Daga labaran Dare Dubu da Ɗaya suka samo su, waɗanda wani Bafaranshe, Antoine Galland, ya soma wallafa fassararsu a shekarar 1704. Labarin Aladdin da aljanin fitila ba ya cikin rubutun Larabcin da ya yi aiki da shi; wani mutumin Halab ta ƙasar Siriya, Hanna Diyab, shi ya ba shi labarin a 1709.

A 1974 aka fitar da wasan Dungeons & Dragons a Amurka, wanda ake yi da takarda da fensir, kuma ya sanya aljani da ifiritu cikin jerin dodanninsa. Akasarin wasannin intanet da suka zo daga baya nan suka gada.

Yaƙin Marid da Ifiritu

Ɗaya daga cikin wasannin da suka faɗaɗa labarin aljanu shi ne Tibia, wanda wasu ɗalibai a Jamus suka ƙaddamar a 1997, kamfanin CipSoft kuma ke gudanarwa.

A cikinsa aljanu sun kasu gida biyu da ba sa ga maciji. Akwai shuɗɗa, Marid, ƙarƙashin sarkinsu Gabel, da kuma koraye, Efreet, da Malor ke jagoranta, kuma kowane ɓangare na da ganuwarsa a cikin duwatsun hamada. Ba sa kula ɗan Adam sai ya iya gaisuwarsu ta asiri, sannan dole ne ɗan wasa ya zaɓi ɓangaren da zai yi wa hidima.

A wasan RuneScape na kamfanin Jagex da ke Ingila, wanda ya fito a 2001, aljani kan ɓullo wa ɗan wasa kwatsam ya ba shi fitilar da za ta ƙara masa ƙwarewa. A Final Fantasy na Japan kuwa, Ifrit dodon wuta ne mai ƙahoni.

Me ya sa suke wuyar gani?

A nan babu wani gaibu. Masu tsara wasan ne ke ƙayyade lokacin da halitta za ta fito, da wurin da za ta fito, da kuma yawan damar da ake da ita ta samun abin da take ɗauke da shi.

Fitaccen misali shi ne Time-Lost Proto-Drake, wani dodo mai fukafukai da aka saka a World of Warcraft a 2008. Yana karɓa-karɓar fitowa da wani dodon, kuma ɗayan ne ya fi yawan bayyana, don haka 'yan wasa kan kwashe kwanaki suna dako. Wanda ya riga kowa kashe shi, shi zai mallake shi a matsayin abin hawa.

A 2010 aka ƙara wa wasan yankin hamada na Uldum, mai ɗauke da aljanin iska Siamat. A can ma akwai wani ɗan gunkin raƙumi da kan ɓullo jefi-jefi a cikin rairayi. Galibi ya ruguje ya zama ƙura, amma wanda ya dace zai kai ga samun raƙumin hawa.

Wannan ƙaranci da gangan aka tsara shi, domin mai jira ba ya barin wasa, kamfanin kuma kuɗin rajista yake karɓa duk wata. Abin da ya kamata iyaye su fi sa wa ido ke nan.

Iskokin ƙasar Hausa

Tun kafin kwamfuta, 'yan bori na da tsarin da ya fi na Tibia zurfi. A wurinsu iskoki na zaune ne a wani birni da ba a gani, Jangare, gida-gida, da sarakuna da dangantakar aure. Akwai Ɗan Galadima mai caca da kyauta, da Sarkin Rafi, da Inna wadda ake yi wa laƙabi da Doguwa. A bori, iska ce ke hawan mutum, shi ya sa ake kiransa doki ko goɗiya. A wasan intanet kuwa mutum ne ke neman hawan halittar.

Malaman jihadin 1804 sun yaƙi bori a matsayin shirka, amma al'adar ta ci gaba a tsakanin Maguzawa da wasu unguwannin birane. Wani Bature, A. J. N. Tremearne, ya tattara sunayen iskokin da halayensu a littafinsa na 1914, yawanci daga bakin Hausawan da ya tarar a Tunis da Tarabulus.