Faifan SSD mai rahusa: abin da ya kamata mai saye a Konni, Malbaza da Illela ya sani

SSD ma'ajiya ce ta kwamfuta wadda ke riƙe bayanai a cikin ƙananan guntayen lantarki. Tsohon diski, wanda masu gyara a Nijar ke kira diski dur, yana da faranti mai juyawa da allura mai karantawa, shi kuwa SSD babu abin da ke motsi a cikinsa. A garuruwan da ke kan hanyar RN1, daga Birnin Konni zuwa Tsarnawa, Malbaza da Galmi, da kuma Illela ta hanyar Tahoua, yawancin kwamfutocin masu buga takardu, malaman makaranta da ƙananan ofisoshi na hannu ne. Sanya musu SSD ita ce hanya mafi sauƙin kuɗi ta farfaɗo da su. Sai dai kasuwa ta cika da sunaye irin su KingSpec, Goldenfir, KingDian, Netac da Fanxiang, waɗanda farashinsu ya yi ƙasa da na Samsung ko Kingston, kuma mai saye kan rasa wanda zai amince wa.

Su wa ke ƙera shi

Guntun da ke riƙe bayanai ana kiransa NAND, kuma kamfanin Toshiba na Japan ne ya fito da shi a 1987. Har yau kamfanoni ƙalilan ne ke ƙera shi a duniya: Samsung da SK hynix a Koriya ta Kudu, Kioxia a Japan, Micron da SanDisk a Amurka, sai YMTC a birnin Wuhan na ƙasar Sin. Guntu na biyu, wanda ke shugabantar aikin faifan, yakan fito daga Phison ko Silicon Motion na Taiwan, ko Maxio na Sin. Ƙananan kamfanoni ba sa ƙera ko ɗaya daga ciki. Sayo su suke yi, su haɗa, su manna sunansu. Saboda haka faifan da ba a san sunansa ba yana iya ɗauke da kaya masu kyau, yana kuma iya ɗauke da guntayen da suka faɗi gwajin manyan kamfanoni aka sayar da su da araha. Kwali ba ya nuna bambancin.

Ko a suna ɗaya ma kayan ciki kan canza daga wata zuwa wata, gwargwadon abin da ya yi sauƙi a kasuwa. Manyan kamfanoni ba su tsira daga wannan ba: a 2020 da 2021 masu gwaji sun gano an sauya kayan cikin Adata SX8200 Pro, Crucial P2 da WD Blue SN550 ba tare da an sauya sunan ba.

Gudu

Tsohon diski na karanta megabait 80 zuwa 160 a daƙiƙa. SSD mai mahaɗar SATA, wanda shi ne ke shiga yawancin tsofaffin kwamfutoci, yana kaiwa kusan megabait 550. Irin NVMe mai kama da ɗan sandan cingam yana kaiwa 3,500 a mahaɗar PCIe 3.0, amma sai kwamfutar da ke da gurbinsa. Wajen kunna kwamfuta da buɗe Word ko Excel, mai rahusa da mai tsada kusan ɗaya suke, kuma dukansu sun yi wa tsohon diski fintinkau.

Bambancin yana fitowa ne a aiki mai nauyi. Faifai masu rahusa ba su da ƙwaƙwalwar taimako da ake kira DRAM, kuma suna ware wani ɗan yanki mai sauri don karɓar rubutu na farko. Da zarar yankin ya cika, gudun sai ya zube, wani lokaci har ƙasa da na tsohon diski. Mai ɗaukar bidiyon biki da ke kwafe giga 50 a lokaci guda zai ga hakan. Mai buga wasiƙa da takardun makaranta ba lallai ya lura ba.

Tsawon rai

Kowane gurbi na NAND yana da iyakar sau nawa za a goge shi a sake rubutawa. Irin TLC, mai riƙe ƙwayar bayani 3 a gurbi, ya fi irin QLC mai riƙe 4 juriya. Kamfanoni na bayyana wannan iyaka da adadin terabait da faifan zai iya rubutawa a rayuwarsa, ana rubuta shi TBW. Samsung 870 EVO mai giga 500 yana da 300 da garantin shekara 5. Kingston A400 mai giga 240 yana da 80 da garantin shekara 3. Wanda ke rubuta giga 20 kullum zai kwashe kusan shekara 11 kafin ya cinye terabait 80. Wato a wurin mai aikin yau da kullum ba tsufan guntu ne babban haɗari ba.

Babban haɗari shi ne mutuwar farat ɗaya. Tsohon diski yakan yi ƙara ko ya riƙa jan ƙafa kafin ya lalace. SSD yakan ɓace kawai, a kunna kwamfuta a tarar ba ta ganinsa. Dawo da bayanan da ke ciki yana da wuya ƙwarai, kuma ba aikin teburin mai gyara na kasuwa ba ne. Rijistar ɗaliban makaranta, lissafin bashin ɗan kasuwar albasa ko kundin ɗalibin jami'a na iya tafiya a dare ɗaya.

Zafi da ɗaukewar wuta

Yawancin SSD an yi su ne su yi aiki tsakanin digiri 0 da 70, kuma idan suka yi zafi sosai sukan rage gudu da kansu. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin jihar Tahoua ke wuce digiri 40, kwamfutar da ƙura ta toshe wa iska tana saurin kaiwa wannan iyaka. Zafi na kuma rage daɗewar bayanai a faifan da aka ajiye ba a kunnawa. Ƙa'idar hukumar JEDEC ta tanadi cewa faifan da ya cinye iyakarsa ya riƙe bayanai shekara 1 a digiri 30, kuma lokacin yana raguwa idan zafin ya ƙaru. Don haka SSD bai dace da ajiyar hotunan iyali a cikin akwati na shekaru ba.

Ɗaukewar wuta kwatsam ana cikin rubutu na iya rikita taswirar da faifan ke gane inda kowane bayani yake. Mazauna yankin sun san wannan matsala, musamman bayan da Najeriya ta katse wa Nijar wuta a watan Agusta 2023. Kwamfutar tafi-da-gidanka mai batir lafiyayye ta tsira daga wannan. Ta tebur kuwa tana buƙatar batirin tsaro da ake kira ondila.

Jabu da hanyar gane shi

Kaya na shigowa ta iyakar Konni daga Sakkwato, Kano da Legas, wasu kuma daga Yamai ko kai tsaye daga Sin. A cikinsu akwai jabu iri biyu. Na farko shi ne mai ƙaryar girma, wanda ke nuna tera 2 alhali giga kaɗan ne a ciki, kuma duk abin da ya wuce wannan lalacewa yake. Na biyu shi ne tsohon faifai ko marar suna da aka manna wa takardar babban kamfani. Araha ba ta ado, in ji Bahaushe: idan farashi ya yi ƙasa da rabin na sauran kantuna, akwai dalili.

Manhajar H2testw tana cika faifan da bayanai ta sake karantawa, ta haka take tona ƙaryar girma. CrystalDiskInfo tana nuna awannin da faifan ya yi yana aiki da yawan abin da aka rubuta masa, kuma sabo bai kamata ya nuna ɗaruruwan awanni ba. Dukansu kyauta ne. Raguwar da Windows ke nunawa, kamar giga 238 a faifai mai 256 ko 476 a mai 512, bambancin lissafi ne kawai.

Yadda za a zaɓa

Garantin da aka rubuta a kwali ba ya amfanar mai saye a Tsarnawa idan kamfanin na can Shenzhen. Garantin da ke aiki shi ne na mai kanti, don haka ya kamata a karɓi rasit mai ɗauke da lambar faifan da adadin watannin da za a iya mayar da shi, kuma a gwada shi a kwanakin farko. Yana da kyau a bar kusan kashi 20 cikin 100 na faifan babu komai, domin cikakken SSD yana raguwa a gudu.

Faifai mai rahusa ya isa ga kwamfutar koyo, ta yara ko ta buga takardu. Inda bayanai ke da daraja, kamar kantin magani, ofishin magajin gari ko asusun ƙungiya, ƙarin kuɗin sanannen suna bai kai asarar da za a yi ba. Kowane iri aka saya, muhimman takardu su kasance suna da kwafi na biyu a kile USB ko wani diski na waje, ana sabunta shi kowane mako.