Kangon Raigad: Abin da Kufan Fadar Maratha Yake Nuna wa Mai Nazarin Tarihi

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a duba kangon Raigad, watau birnin kan dutse inda aka naɗa Shibaji sarautar Maratha a yammacin ƙasar Indiya cikin shekarar 1674, domin a ga irin shaidar da kufai yake bayarwa game da kafuwar daula. Ra'ayin da za a bi shi ne, an gina Raigad ne don biyan bukatu biyu masu karo da juna: bukatar mayaƙi ta samun mafaka, da bukatar sarki ta a gan shi a san da zamansa. Duk wanda ya hau dutsen a yau zai tarar da alamun bukatun nan biyu a jere.

Wurin da asalinsa

Raigad yana cikin jihar Maharashtara ta yanzu, kimanin kilomita 25 daga garin Mahad, a jerin tsaunukan Sahyadri waɗanda suka raba gaɓar tekun Konkan da tudun Dekan. Dutse ne mai tsayin kusan mita 820, wanda wani kwari mai zurfi ya ware shi daga sauran tsaunuka. Gefunansa a miƙe suke kamar bango, amma bisansa shimfiɗaɗɗe ne. Sunansa na da Rairi. A shekarar 1656 Shibaji ya ƙwace shi daga hannun gidan More, masu mulkin Jawali, ya sake masa suna.

Dalilin mai da shi mazaunin mulki yana cikin abin da ya auku a 1665. A wannan shekara Jai Singh, sarkin yaƙin Aurangzeb na daular Mugal, ya matsa wa Shibaji har ya miƙa sansanoni 23 bisa yarjejeniyar Purandar, aka bar masa 12. Darasin da ke nan a fili yake: duk sansanin da yake kusa da sarari, dawakin Mugal da igwoginsu suna iya kai masa. Raigad kuwa yana can cikin ƙurya, ga shi kusa da teku inda Shibaji yake haɗa jiragen yaƙi.

Abin da mai ziyara yake gani

Daga ƙauyen Pachad da ke gindin dutsen ake fara hawa. Tun 1996 akwai kwandon ƙarfe mai tafiya bisa waya wanda yake kai mutane sama cikin 'yan mintoci, amma mai nazari ya fi ƙaruwa in ya bi tsohuwar hanya mai matakala fiye da dubu ɗaya, domin ita ce take bayyana dabarar magina. Babbar ƙofa, Maha Darwaja, an ɓoye ta ne tsakanin hasumiyoyi biyu, hanya kuma ta lanƙwasa kafin a iso ta. Saboda haka mai kawo hari ba zai gan ta daga nesa ba balle ya auna ta da igwa, ba kuma zai sami filin da giwa za ta sheƙo ta banke ta ba. A bisa dutsen akwai tafkuna da aka fafe, babbansu shi ne Gangasagar, waɗanda ruwan damina yake cikawa. Akwai kuma rumbunan hatsi. Waɗannan duka tanadin mai jiran a kewaye shi ne.

Da an wuce nan sai gini ya sake harshe. Ga Nagarkhana, doguwar ƙofar da ake kaɗa tambura a kanta, tana fuskantar dandalin fada inda gadon sarauta yake. Ga harsashin ɗakunan matan sarki, da na gidajen waziransa. Ga wata faffaɗar hanya da jerin ɗakuna a dama da hagu bisa dakali mai tudu, wadda aka saba kira kasuwa, ko da yake wasu masana suna ganin ofisoshin hukuma ne. A ƙarshenta hanya ta nufi ɗakin bautar Jagadishwar, inda aka sassaƙa sunan babban magini, Hiroji Indulkar, a jikin matakala. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake ƙara wa dutsen tsaro. An yi su ne domin baƙo ya shigo ya tabbata a gaban sarki yake.

Naɗin 1674

Kafin wannan shekara, a idon Mugal da sarakunan Bijapur, Shibaji ɗan bara ne da ya yi tawaye, domin mahaifinsa Shahaji ya yi wa Bijapur hidima. A cikin gida ma wasu malaman addinin Hindu sun yi gardama cewa gidan Bhonsle ba jinin sarauta ba ne. Sai aka gayyato wani shahararren malami daga Banaras, Gaga Bhatt, wanda ya amince da salsalar da ta danganta gidan da Rajput na Mewar. Ranar 6 ga Yuni, 1674, aka yi naɗin, ya ɗauki laƙabin Chatrapati, watau mai laima. Aka buga kuɗi da sunansa, na zinariya da na tagulla, aka kuma soma sabon lissafin shekaru. Henry Oxenden, wakilin kamfanin Ingilishi na Bombai, ya halarta, kuma bayaninsa yana cikin muhimman shaidun wannan biki. Mahaifiyar sarki, Jijabai, ta rasu a Pachad 'yan kwanaki bayan haka. Shi kansa Shibaji ya rasu a Raigad cikin Afrilu 1680.

Faɗuwar birnin

Shekara tara kacal bayan rasuwarsa, a 1689, Aurangzeb ya kama magajinsa Sambhaji ya kashe shi. Rundunar Zulfikar Khan ta kewaye Raigad na tsawon watanni har ta ci shi, ta kama matar Sambhaji, Yesubai, da ɗansa Shahu. A nan ne bukatun nan biyu suka nuna saɓaninsu: dutsen da aka zaɓa domin ya yi wuyar shiga ya zama tarko, tun da yake an tara gidan sarauta a wuri guda da kowa ya sani.

Duk da haka daular ba ta mutu ba. Rajaram, ƙanen Sambhaji, ya riga ya sulale ya tafi Jinji a can kudu, inda ya jure har 1698. Bayan rasuwarsa a 1700 matarsa Tarabai ta ci gaba da yaƙin. Ƙarfin Maratha yana cikin yawan sansanoninsu ne da tsarin riƙe su, domin Shibaji ya sa wa kowane sansani jami'ai uku daga jinsi dabam-dabam, yadda mutum ɗaya ba zai iya sayar da shi ba. Raigad ya koma hannun Siddi na Janjira, waɗanda asalinsu mutanen Afirka ne, sai a 1733 Maratha suka karɓo shi. Amma a lokacin mulki ya riga ya koma Satara da Pune. A watan Mayun 1818 sojojin Ingilishi suka yi masa ruwan igwa, gobara ta cinye yawancin ginin katako. Abin da ya sa ke nan harsashi da bangon dutse kaɗai ake gani.

Kammalawa

Kango ma yana da nasa tarihin bayan rushewa. A 1896 Bal Gangadhar Tilak ya jagoranci bikin tunawa da Shibaji a Raigad, kufan ya zama tutar masu neman 'yancin Indiya. A 2025 kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin sansanonin Maratha 12 da ta amince da su a matsayin gadon duniya. Wannan daraja tana tafe da haɗari ga mai nazari, domin kowane lungu yanzu yana da labarin da 'yan rakiya suke bayarwa, kamar na Hirkani, mai tallar nono da aka ce ta sauka ta gefen dutsen da dare don ta isa ga jaririnta. Irin waɗannan labarai suna nuna yadda jama'a suke ƙaunar wurin, amma wajibi ne a auna su da abin da gini da rubutattun shaidu suka tabbatar. In an yi haka, za a ga cewa Raigad ya cika aikin fada, domin a cikinsa ɗan tawaye ya zama sarki. Aikin mafaka kuwa sauran sansanoni ne suka ɗauke masa a ranar da aka fi bukata.